Raunin Mazakuta: Haɗin Mai Magani, Ƙwayar Kemis, ko Layin Asibiti?

Magidancin da ya fara ganin canji a shimfiɗa ba ya rasa inda zai kai kuɗinsa a garin Gombe. Ga mai lasifika a bakin tasha yana jero basir da sanyi da dattin mara. Ga yaron kemis da ya gane nufinka tun kafin ka gama rage murya. Ga masu tallar zuma da kofin maza a Facebook da TikTok. Sai kuma asibiti, wanda galibi ba a tunawa da shi sai aljihu ya ji jiki, gida kuma ya fara ɗaukar zafi. Wanda ya tsaya tsakanin waɗannan ƙofofi ya rasa wadda zai shiga, da shi nake.

Raunin mazakuta shi ne gaba ya ƙi tashi, ko ya tashi amma ya kwanta kafin a biya buƙata, kuma abin ya yi ta maimaituwa har kamar wata 3. Dare ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya ko zazzaɓi ba ciwo ba ne. Saurin inzali daban yake, mutuwar sha'awa daban, rashin haihuwa ma daban, ko da yake kwalba ɗaya mai talla ke miƙa wa kowa. Abin kuma ba baƙo ba ne. Wani babban bincike da aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka, aka wallafa a 1994, ya gano cewa 52 cikin 100 na mazan da ke tsakanin shekara 40 da 70 suna da wannan rauni, wasu ɗan kaɗan, wasu mai tsanani.

Tashin gaba aikin jini ne. Sha'awa ta taso daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi su kai saƙo, hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika gaban ya tsaya a ciki. Hanyoyin jinin gaba sirara ne, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, na zuciya kuwa 3 zuwa 4. Kamar famfon gida ne, siririn bututu shi ke fara toshewa. Shi ya sa ga wanda ya haura 40, raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Ciwon suga kuwa hanyoyin jini da jijiyoyi yake ci tare, har kusan rabin maza masu suga suna fama da wannan matsala. Don haka ban yarda a auna magani da "ai ya yi aiki daren jiya" kaɗai ba.

Da me za mu auna?

Farko, hanyar tana taɓa musabbabin ciwon ko lulluɓe shi kawai take yi? Sai kuɗi, amma na shekara guda, ba na rana ɗaya ba, domin 'yan canjin da ake fitarwa duk mako sun fi gwajin jini na sau ɗaya cin aljihu idan aka tara. Sai ɗorewa: awa nawa, wata nawa, ko shekara nawa? Sai sauƙi, wanda a wurinmu kunya tana cikinsa, don an sha ganin mutum ya zaɓi hanya mai haɗari saboda kawai ba sai ya buɗe baki ya yi bayani ba. Na ƙarshe haɗari, kuma tambayarsa guda ce: ka san abin da ka haɗiya, ka san yawansa?

Kafin ka ci gaba, ka tambayi kanka abu biyu. Kana farkawa da asuba ka tarar gaban a miƙe? Matsalar rana ɗaya ta faɗo, ko a hankali ta riƙa ƙaruwa cikin shekaru? Wanda ke samun miƙewar asuba, kuma abin ya zo masa kwatsam, galibi hanyoyin jininsa lafiya suke, damuwa ce ta shiga. Wanda ta asubar ma ta ɗauke, abin kuma ya zo sannu a hankali, jikinsa ne ke buƙatar bincike.

Haɗin gargajiya da kayan talla

A nan sai an raba abinci da magani. Dabino, aya, kwakwa, zuma, citta, kanumfari, da goron Tula namu na ƙasar Kaltungo da yanzu sunansa ya zaga Najeriya, duk abinci ne. Mai lafiya ya sha kunun ayarsa, babu laifi. Amma babu gwajin da aka yi a kan mutane da ya nuna suna buɗe hanyar jinin da ta toshe. Mai ciwon suga kuwa da ya dage da zuma da dabino safe da yamma, an gudu ne ba a tsira ba, abin da ya kwantar da gaban yake ƙara wa ƙarfi.

Sai saiwoyi da ɓawon itace. Burantashi, wanda wasu masu tsire ke haɗawa a yaji, daga ɓawon wata bishiya mai sinadarin yohimbine ake samunsa. Yana ɗan aiki, amma yana tayar da hawan jini, yana sa zuciya bugawa da sauri, ga rawar jiki da rashin barci. Ga mai hawan jini, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. Baƙin gagai kuma, masu bincike a Jami'ar Ilorin sun gwada shi a kan ɓeraye. Ya ƙara musu kuzarin barbara, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna alamun illa ga maraina da hanta da ƙoda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin da ake cewa "zallar itatuwa ne", amma cikin awa ɗaya ya yi aiki, ya bar mutum da ciwon kai, toshewar hanci da zafin fuska. Waɗannan alamomin ƙwayar asibiti ne. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi kamfanoni 4 masu sayar da zumar ƙarfin maza, bayan gwaji ya gano sildenafil ko tadalafil, wato ƙwayoyin asibiti na ƙarfin gaba, a ciki ba tare da an rubuta a kwali ba. Irin waɗannan ƙulle-ƙullen zuma sun cika kasuwanninmu. Wanda ya guje wa ƙwayar bature don tsoron illa, sai ga shi ya sha ta ba awo, ba tambaya, ba gargaɗi. Ko lambar NAFDAC da ke jikin maganin gargajiya, shaidar rajista ce bayan an duba ko yana da guba, ba shaidar cewa yana warkarwa ba. Duba da kyau, za ka ga an rubuta da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba.

Basir da ake ɗora wa laifi kumburin jijiyoyin jinin dubura ne, ba shi ke toshe hanyar jinin gaba ba. Mutum sai ya shekara yana wankin ciki, suga na can tana aikinta.

Ta fuskar kuɗi, kowane ƙulli araha ne, amma saye ne da ba ya ƙarewa. Sauƙi kam babu kamarsa. Ɗorewa babu, tushe kuma bai taɓa ba.

Tramadol ba ya cikin zaɓi ma, amma dole in ambace shi saboda samarinmu. Ana shansa don jinkirta inzali, sai ya kama mutum ya kasa bari. Idan aka daɗe a kansa yana rage sinadarin mazakuta, ya kashe sha'awar da gaban tare, ga farfaɗiya da yake jawowa.

Ƙwayoyin sildenafil da tadalafil

Waɗannan su ne maganin farko da likitoci ke bayarwa a duniya, kuma suna taimakon kusan mutum 7 cikin 10, sai dai adadin kan ragu ga masu suga. Sildenafil ita ce Viagra ta kamfanin Pfizer da ta fito a 1998. Tana zuwa a miligiram 25, 50 da 100. Ana shanta kamar awa ɗaya kafin saduwa, aikinta kuma kusan awa 4 ne. Abinci mai maiƙo yana jinkirta ta, don haka wanda ya cika ciki da tuwo da man shanu ko balangu mai kitse ya haɗiye ta, kada ya yi mamaki idan ta makara. Tadalafil, wato Cialis, an amince da ita a Amurka a 2003. Aikinta kan kai awa 36, abinci bai dame ta ba. Akwai ta miligiram 10 da 20 ta lokacin buƙata, akwai ta 2.5 da 5 da ake sha kullum.

Bambancin yana da amfani a zahiri. Mai buƙata jefi-jefi, sildenafil ta ishe shi, ta kuma fi araha. Mai iyali fiye da ɗaya da rabon kwana ke kansa kullum, ko wanda lissafin "awa ɗaya kafin" ke ƙara masa fargaba, ƙaramar tadalafil ta kullum ta fi masa daɗi, amma kuɗinta na wata ya fi yawa. Dattijon da fitsari ke masa wuya saboda kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, shi ma tadalafil miligiram 5 kan sauƙaƙa masa duka biyun.

Abubuwa uku ne yaron kemis ba zai gaya maka ba. Ƙwayar ba ta haifar da sha'awa, sai an yi wasa an motsa sannan take aiki. Ba a shanta fiye da sau ɗaya a awa 24. Kuma ba a yanke mata hukunci a gwajin farko, sai an gwada sau 6 zuwa 8 yadda ya kamata.

Illolinta na yau da kullum ciwon kai ne, zafin fuska, toshewar hanci da ƙwarnafi. Sildenafil kan sa wasu ganin shuɗi-shuɗi na ɗan lokaci, tadalafil kuma ciwon baya da tsoka. Babban haɗarin yana wuri uku. Duk mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya irin su isosorbide, ko glyceryl trinitrate da ake sawa ƙarƙashin harshe, ƙwayar nan haramun ce gare shi a likitance, domin haɗuwarsu kan faɗar da jini har mutum ya suma ko ya rasa rai. Mai shan doxazosin ko tamsulosin, magungunan wahalar fitsari ta furostet, da wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, sai da izinin likita. Na uku mai sikila, wanda dama gabansa kan miƙe ya ƙi kwanciya. Duk miƙewar da ta kai awa 4, a tafi sashen gaggawa a daren, kada a jira safiya, domin jinkiri kan kashe gaban har abada.

Maganar inda za a saya: ƙananan kemis na unguwa lasisinsu bai ba su damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba, kuma jabu ya yi yawa a irin waɗannan ƙwayoyi. Ka nemi famasi mai rajista, wadda akwai ƙwararren mai haɗa magani a ciki. Ƙwaya ɗaya ce, amma ta hannun likita da ta bayan kanta ba haɗarinsu ɗaya ba.

Binciken asibiti da gyara tushe

Ma'aikatan lafiya sun san yadda abin ke zuwa. Dattijo ya zauna ya yi ƙorafin ciwon baya da kasala, a rubuta masa magani, ya miƙe har ya kama ƙofa, sannan ya juyo: "Likita, sai kuma wata 'yar magana, ta wajen iyali." Likita ya ce, "Dawo ka zauna, Baba, ai ita ce babbar." Wannan jimla guda ita ce duk wahalar wannan hanya. Da zarar ta fita, sauran awo ne: hawan jini, suga, kitsen jini, aikin ƙoda, wani lokaci da testosteron, wato sinadarin mazakuta. Awon jini da na suga ko a asibitin unguwa ana yi. Idan abin ya wuce nan, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, inda ake ganin likitocin mafitsara.

Wani abin da asibiti kaɗai ke iya warwarewa shi ne maganin da kake sha. Wasu magungunan hawan jini, irin su propranolol, atenolol, methyldopa da hydrochlorothiazide, suna iya rage ƙarfin gaba. Da yawa daga cikin magidanta sun gano haka da kansu, sai su daina sha a ɓoye, ba su gaya wa kowa ba, har ranar da ɓarin jiki ya shanye. Don Allah kada ka yi haka. Ka faɗa wa likita, akwai irin su losartan da amlodipine da ba su cika yin wannan illa ba, canji ne na minti biyar.

Sai aikin da ke hannunka: barin sigari da shisha, rage tumbi, rage lemon kwalba da shayi mai tarin sukari, da tafiya mai sa gumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako. Zagayen filin wasa na Pantami bayan sallar asuba, ko barin Keke Napep a taka zuwa kasuwa, ya wadatar. A wani gwaji da aka yi a Italiya aka wallafa a 2004, kusan kashi ɗaya cikin uku na maza masu ƙiba sun dawo daidai bayan shekara 2 na rage nauyi da motsa jiki, ba tare da ƙwaya ba. Hanyar tana da jinkiri, watanni take ɗauka, kuma ba kowa take mayarwa kamar da ba. Amma ita kaɗai ce ke kare zuciya da ƙoda da idanu tare da shimfiɗa, kuma tana sa ƙwayar ma ta fi aiki.

Zama da iyali da kwantar da hankali

Ango a makon farko, ga gajiyar biki, ga bashi, ga tsoron kada a ji kunya. Dare ɗaya ya gagara, gobe ya shiga ɗaki yana sauraron jikinsa maimakon amaryarsa, fargaba ta sake kwantar da shi. Kafin mako ya zagayo an fara cewa an ɗaure shi. Haka wanda yake lafiya lau a ɗakin wannan, a ɗakin waccan kuma shiru: jikinsa ƙalau yake, tsakaninsu ne akwai magana. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana awon jini, a haɗa duka. Abin da ke aiki a nan shi ne a gaya wa matar gaskiya, don shirun miji kan sa ta zaci ya daina sonta ko yana neman wata, sannan a ɗauki 'yan makonni ana wasa da kusantar juna ba tare da an ɗora wa kai dole sai an sadu ba. Likita kan haɗa da ƙwaya na ɗan lokaci har tsoro ya fita. Ko a fiƙihunmu na Malikiyya, mijin da ya kasa kusantar matarsa shekara guda alƙali ke ba shi ya nemi magani kafin a yi maganar rabuwa. Shari'a ta ɗauke shi ciwo mai magani, ta kuma san matar tana da hakki. Kuɗi kusan babu, haɗari babu, nauyin baki ne kawai.

Allurar testosteron

Ta wanda gwajin jinin safe, har sau biyu, ya nuna sinadarinsa ya yi ƙasa ce kawai. Ga mai sinadari daidai ba ta ƙara komai. Tana rage ƙwayoyin maniyyi sosai, don haka mai neman haihuwa ya nisance ta. Tana kuma sa jini kauri, sai ana bibiya da gwaji.

Na'urar zuƙo, allurar gaba da tiyata

Waɗannan na wanda ƙwaya ta gaza masa ne. Na'urar zuƙo bututu ce da ke jawo jini cikin gaba, a sa zoben roba a gindinsa, kada ya wuce minti 30. Sau ɗaya ake saye ta yi shekaru, sai dai gaban kan yi sanyi, kuma sai matar ta fahimta. Allurar alprostadil a jikin gaban ake yinta, tana aiki cikin minti 5 zuwa 20 ko da jijiyoyi sun lalace, amma tana da zafi, tana da wuyar samu, kuma likita ne zai koya maka ya tsayar da awo. Tiyatar dasa roba a cikin gaba ita ce ta ƙarshe. Kuɗinta miliyoyi ne, wuraren yinta kaɗan ne, takan yi shekara 10 zuwa sama, kuma ba a komawa baya bayan an yi.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Haɗin gargajiya da na talla | Kaɗan-kaɗan, ba ya ƙarewa | Babu tabbas | Ko'ina akwai | Babba, ba a san abin da ke ciki ba |
| Sildenafil | Araha | Kusan awa 4 | Sai an yi lissafin lokaci | Kaɗan idan likita ya duba |
| Tadalafil | Ta fi sildenafil tsada | Har awa 36 | Ba ruwanta da abinci | Kamar na sildenafil |
| Bincike da gyara tushe | Matsakaici a farko | Shekaru | Layi da haƙuri | Kusan babu |
| Zama da iyali | Kusan kyauta | Mai ɗorewa | Nauyin baki | Babu |
| Testosteron | Tsada, ga gwaje-gwaje | Muddin ana yi | Sai asibiti | Rage haihuwa, kaurin jini |
| Na'urar zuƙo | Saye ɗaya | Shekaru | Sai an saba | Kaɗan |
| Allurar gaba | Tsada | Kowace saduwa | Wuyar samu | Zafi, ƙin kwanciya |
| Tiyata | Miliyoyi | Shekara 10 zuwa sama | Wurare kaɗan | Ƙwayoyin cuta, ba komawa |

Wa ya dace da wacce?

Saurayi ko sabon ango mai miƙewar asuba, magana da iyali da kwantar da hankali ne naka. Ka bar tramadol, ka bar kallon batsa idan kana yi, ka auna jini da suga sau ɗaya don zuciyarka ta natsu.

Wanda ya haura 40, abin ya zo a hankali, ga tumbi ko sigari, ko akwai suga da hawan jini a dangi: asibiti tukuna, ƙwaya daga baya. A ganina kai ne ka fi kowa asara idan ka tsaya a kemis, domin ƙwayar za ta yi aiki, ka saki jiki, ciwon da ke ƙasa ya ci gaba da girma. Idan sakamako ya fito, ka haɗa biyu, gyaran tushe don gobe, sildenafil ko tadalafil don yau.

Wanda matsalarsa ta fara bayan an sa shi a sabon magani, ya koma wurin wanda ya rubuta masa, ya nemi canji.

Mai ciwon zuciya da mai sikila, kada ku haɗiyi komai, na kanti ko na gargajiya, sai likitanku ya sani. A gare ku ƙullin zumar nan ya fi ƙwayar famasi haɗari, don ita ƙwayar aƙalla an san awonta.

Wanda sha'awar ce ta mutu gaba ɗaya, ga kasala da raguwar ƙarfin jiki, ya nemi gwajin testosteron da safe, a kuma duba ko baƙin ciki ne ya danne shi.

Wanda ya daɗe da suga, ko aka yi masa tiyatar furostet, ko ya ji rauni a laka, ya kuma gwada ƙwaya yadda ya kamata ba ta yi ba, lokacin ganin likitan mafitsara ya yi, a tattauna na'ura, allura ko tiyata. Ranar zuwa ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, har da garin mai magani da ƙullin zuma, kuma idan uwargida ta yarda ku je tare.